Ciyawar Kan Soron Dattijo

Talatu na bakin murhu tana tuƙa tuwon shinkafa, rana ta yi ja a bayan gonakin Bunkure, kwaɗi sun fara kuka a kanal ɗin ruwan noman rani, sai hoge ya faɗo gefen tukunya. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Na biyu ya faɗo, jiƙaƙƙe, da busasshiyar ciyawa a jikinsa. Daga saman soro ya zo.

Soron nan mijinta Dattijo ne ya gina shi da hannunsa, dab da kanal, inda ƙasa ba ta bushewa rani da damina. Shi ya sa in maƙwabta sun gyara rufi sau ɗaya a shekara, shi sau uku yake hawa: kafin ruwan farko, da tsakiyar damina, da bayan kaka. Ya tsuguna ya tsige ciyawa, ya kankare gansakuka, ya buɗe indararo. Kuma ba ya taka tsani sai ya yi sallama, har Talatu takan ce masa, "Malam, surukanka ne a sama?"

Da bazara ya rasu. Talatu ta shiga takaba, ba wanda ya tuna da rufi har ciyawa ta kai gwiwa. Wata rana babban ɗanta Lukmanu ya dawo daga gona da tankin feshi a baya, da ragowar maganin ciyawa a ciki. Ya ce, "Inna, wa zai tsaya tsige wannan da hannu?" Ya hau da almuru, ba sallama ba bisimilla, ya fesa ya sauko.

A makon ne jifan ya fara. Bayan jifa sai murya, kullum gab da magariba, ƙasa-ƙasa, kamar mace na rarrashin jinjiri a saman rufin. Daga nan Mubina, autar Talatu, ta je kwashe shanya ta faɗi a gindin tsani. Da ta farfaɗo ta daina ci, ta daina magana. Sai ta zauna ta rungume hannuwanta tana jijjigawa, babu komai a cikinsu.

Aka ɗauko Malam Maharazu daga Kura. Ya zauna a tabarma bayan la'asar, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gida. Can bakin Mubina ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito.

Malam ya ce, "Wace ce ke?"

"Mai gidan ya san da mu. Yakan yi sallama, mu kwashe yara mu ba shi wuri."

"Mai gida ya rasu."

"Na sani. Da ya daina hawa na ɗauka an bar mana. Na kwantar da ɗana cikin ciyawa, aka zo aka yi masa ruwan guba."

Lukmanu ya durƙushe. "Wallahi ban sani ba."

"Rashin saninka bai tashe shi ba."

Malam ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan ba ita ta goya tanki ba."

Sai muryar ta ce, "A bakin indararo na binne shi. Kada hannu ya ƙara taɓa rufin nan. Ku bar min kabari, in bar muku 'ya."

Malam ya nemi a yarda a buɗe hanyar ruwa kawai. Muryar ta ƙi. Ya koma karatu da ƙarfi, Mubina ta sandare, jini ya ɗigo daga hancinta. Sai ya tsaya, ya juyo ga Talatu.

"Baiwar Allah, zan iya ci gaba. Amma ban tabbata jikin yarinyar zai ɗauka ba."

Talatu ta san abin da toshewar indararo ke yi wa soro a tsakiyar damina. A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta duka, a nan aka wanke Dattijo, kuma ba su da halin gina wani. Ta dubi fuskar 'yarta.

Ta ce, "A bar mata."

Mubina ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa. Jifa ya tsaya daga ranar.

Ruwa kuwa bai tsaya ba. Ya kwanta a rufin kamar fadama. Azara ta yi baƙi, bango ya kumbura, ƙasa ta fara zubowa kan gado. Lukmanu ya jingina tsani a bayan gida, ba ya ko kallonsa. Suka kwashe kaya zuwa rumfar girki. Wata Juma'a da rana tsaka, ana yayyafi, soron ya zauna gaba ɗaya, ba tare da wata ƙara mai yawa ba.

Mubina, wadda ba ta tuna komai ba, kuma ba wanda ya gaya mata, ta tsaya bakin rumfa tana kallon tarin jar ƙasar.

"Inna, me ya sa ba wanda ya hau ya gyara?"

Talatu ta jawo ta da gefen zane.

"Matso ciki, ruwa na taɓa ki."