Sunan da Aka Nema a Bakin Auta

Kwana biyu ke nan Auta tana naƙuda, har azahar ta gota haihuwa ba ta zo ba. Mijinta, Kafinta, yana tsaye a ƙofar ɗaki da garin katako a gashinsa, suna ta ja-in-ja da mahaifiyarsa a kan tafiya asibiti.

Inna ta ce babu inda za a je. A danginsu, in ji ta, naƙuda ba ta yin tsawo sai ga matar da ta ci amanar miji, kuma ɗa ba ya fitowa sai uwarsa ta ambaci sunan wanda ta bi. Ungozoma ta gyaɗa kai tana wanke hannu a kwano.

Kafinta ya so ya yi dariya. Sai kuma ya tuna wata biyun da ya yi yana aikin rufi a wani gari. Ya soma ƙirga watanni da yatsu a bayansa, kunya ta kama shi... sannan ya sake ƙirgawa.

Ya shiga. Auta tana durƙushe, ta ƙanƙame ƙafar gadon da ya yi mata da hannunsa, leɓenta duk ya bushe.

"Autata..." ya ce a hankali. "In akwai wani abu, ki faɗa kawai. Wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Ta ɗago kai ta daɗe tana kallonsa.

"Har da kai?"

Ya kawar da kansa gefe.

"To, tela ne. Ko mai shago. Ku zaɓi wanda ya yi muku, ku kai ni asibiti... tun safe ban ji motsin yaron ba."

Inna ta ɗauki salati, wai ga shi ta faɗa da bakinta, yanzu haihuwa za ta zo. Shi kuwa maganar ƙarshen kaɗai ya ji. Ya sunkuci Auta. Inna ta riƙe masa riga, ya ce ta gafarce shi, ya fizge ya nufi motar maƙwabci.

Aiki aka yi mata. Likita ta ce jaririyar a gicciye ta kwanta, da sun ƙara sa'a guda da an rasa su duka biyu.

Washegari da hantsi Kafinta ya durƙusa a gefen gadon yana kuka, yana ba ta haƙuri. Auta ta nuna masa jaririyar, ta ce ya duba da kyau ya ga da wa ta yi kama. Ya runtse ido, ya ce ba zai duba ba, 'yarsa ce.

"Wannan ɗinkin zai warke," ta ce, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Tambayarka ce ban san ranar warkewarta ba."

Ya ɗora hannunsa a kan nata. Ba ta riƙe ba, amma ba ta janye ba.