Keken da Ya Ƙi Gaida Suruki

A wani gari mai gangara, an yi wani mutum mai son ado, ana ce masa Ɗanliti. Da ya sayi keke, sai ya naɗe ƙahonsa da zare ja da kore, ya liƙa furannin roba, ko hannun birki bai bari ba. Damina ta zo, zare ya sha ruwa, tsatsa ta ci birki, ya ƙage.

Matarsa ta ce, "Maigida, warware zaren nan ka ɗiga mai. Birkin ko motsi ba ya yi."

Ya ce, "Don a gan ni na saya, ba don in tsaya ba."

Ta sake faɗa, ya sake cewa, "Don a gan ni na saya, ba don in tsaya ba."

Ran nan ya sha babbar riga, ya biyo gangara. Sai ga surukinsa zaune a gindin darbejiya cikin dattawa. Ko yaro ya san sai an sauka, an tuɓe takalmi, an durƙusa. Ɗanliti ya matsa birki, birki ya ce bai san zancen ba. Ya wuce fuu yana ihu, "Baba, ina wuniii!" Sai cikin kududdufi, tsundum!

Tsoho ya dogaro sanda ya leƙo, ya gan shi gurfane cikin taɓo, furen roba a ka.

Ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ashe nan ka zaɓa ka durƙusa? Allah ya yi albarka."

Da la'asar aka ga Ɗanliti yana warware zare. Matar tana riƙe da kwalbar mai.