Dutse na Uku a Murhun Hasiya

Rana ta yi ja ta jingina da dutsen da ke bayan Dogon Dutsi, awaki sun shigo da kansu, hayaƙin kara ya kwanta kan danga ya ƙi tashi. Shekara biyu ke nan da sauke tutar Nasara, amma a gidan Jibo mahaƙin rijiya babu abin da ya sauya. Hasiya matarsa na tuƙin tuwo, Balki autarsu na iza wuta, shi kuma yana zaune bakin ɗaki yana jiran kiran magariba. Sai wani abu ya faɗo cikin ƙwaryar gari, tim. Ba a ji gudun kowa a bayan danga ba, ba a ji dariya ba. Na biyu ya faɗo kusa da randa. Na uku ya sauka gaban ƙafar Balki a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi.

Jibo ya ɗauka, ya sake shi da sauri, don zafi gare shi kamar an ciro shi daga toka. Ya jira ya huce, ya lashe shi, ya ɗaga shi ga ɗan hasken da ya rage.

"Wanga ba dutsen ƙasarmu ba ne," in ji shi. "Irin na Abzin ne."

"Malam, jifanmu ake, kai kana lasa," Hasiya ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

To, bari in faɗa muku wane ne Jibo, don kada ku yi masa irin fahimtar da danginsa suka yi masa. Shekara talatin yana shiga ƙarƙashin ƙasa da igiya a ƙugu, yana haƙa rijiyoyin gwamnati daga Tibiri har Tawa, har can Abzin inda kamyo, babbar motar kaya, ya taɓa kai su. Abokan aikinsa wani ya komo da rediyo, wani da keke. Shi ya komo da akwatin ƙarfe cike da duwatsu, kowane naɗe cikin tsummansa: tsakiya ja irin ta ado da ba a huda ba, ƙanƙara mai kama da ruwan da ya daskare, wani kore, wani baƙi mai ɗigon zinariyar da ba zinariya ba ce. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya baje su kan tabarma ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya sayarwa, ba ya magani da su, ba ya duba. So kawai yake yi, kuma wannan ne kan mutane ya kasa ɗauka. Da ya ce tsafi yake yi, da sun ji tsoronsa. Da ya ce kasuwa yake jira, da sun girmama shi. Amma namiji mai furfura ya so dutse don dutse? Ɗantala tela, amininsa tun na ƙuruciya, gaisuwarsa ɗaya ce kullum: "Ya garke? Sun haihu?" Mutane ke nan. Abin da ba za su ci ba, ba za su rataya a wuya ba, to ko hauka ne ko iska.

Jifan bai tsaya ba. Da rana ta taɓa dutse sai ya fara, da an sallame isha sai ya ɗauke. Rana ta huɗu aka ji nishi daga wajen murhu, irin na tsohuwar da ta sauke kaya. Rana ta biyar Balki ta tsuguna za ta hura wuta, ta tsaya haka da baki a buɗe, sannan ta kife. Jikinta ya ɗauki zafi, leɓɓanta suka tsattsage, ta daina cin komai sai ruwa. In magariba ta yi sai ta rarrafo ta zauna gaban murhu tana kallon toka, ba ta ƙiftawa. Likita ya ba da kinin, kinin ya wuce kamar an zuba a yashi.

Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukunci. Ɗantala ya zo, karon farko ba da wasa ba.

"Jibo, kwashe garken nan ka zuba cikin tsohuwar rijiya."

"Mi sunka yi?"

"Kai mi sunka yi maka, shekara talatin? Ɗiyarka na ƙarewa."

Juma'ar nan Jibo bai buɗe akwati ba. Ya zauna kusa da shi dai, hannu bisa murfin, yana jin tsoron kada a ce mutane sun yi gaskiya.

Hasiya ce ta aika aka ɗauko Modibbo Mahmuda daga wajen Sukukutane, wani tsohon Bafillace siriri, mai karatu da yawa da magana kaɗan. Ya iso rana ta tara, ya yi magariba a ƙofar gida, ya shigo ya zauna gaban Balki. Ya sa aka kunna fitila, ya kama ƙaramin yatsanta, ya fara karatu ƙasa ƙasa. Duwatsu biyu suka faɗo, sannan shiru ya sauka, irin shirun da har numfashin awaki ake ji. Sai bakin Balki ya motsa, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a gajiye.

"Sake mini yatsa, Bafillace. Ba gudu zan yi ba, ba ni da inda za ni."

"Wace ce ke? Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Baƙuwar gidan ga ce ni, shekara goma sha ɗaya. A tambayi mai gida in na taɓa fasa mai ko ludayi."

Ido duka ya koma kan Jibo. Hasiya ta ce a hankali, "Na faɗa."

"Ke yi shiru," in ji muryar. "Shi da ya ɗauki ɗakina a kwazazzabon Abzin sai da ya yi sallama, ya bar gishiri a gurbin. Ya naɗe shi a tsumma, yana share mini shi duk Juma'a. Ya san da rami a ciki, rashin nauyin ya gaya mai. Sau nawa yana ɗaukar guduma yana ajewa. Ke fa, ina dutsenki na uku?"

Hasiya ta dubi murhu. Ta dafa ƙasa.

"Nawa ne ya rududduge, tuwo na bisa wuta," ta ce. "Akwatin na kusa. Amma na rantse, Malam, wanda ya fi muni na zaɓa. Masu kyan ban taɓa su ba."

Modibbo ya sa Jibo ya tono shi daga toka. Wani dunƙule ne mai kaushi kamar busasshen kashin raƙumi, kuma da ya ɗaga shi sai ya rabu biyu a hannunsa. Cikinsa kogo ne, jere da ƙananan haƙora masu ruwan shuni da ja, suna amsa hasken fitila, rabinsu wuta ta baƙanta. Jibo ya daɗe yana kallo. Shekara goma sha ɗaya yana hana kansa ganin wannan, ga shi tukunyar tuwo ta nuna masa.

"An ƙone miki ɗaki, an yi laifi," Modibbo ya ce. "Amma yarinyar wuta kawai ta hura. Faɗi abin da za ki karɓa ki fita."

"Nan ya yi mini. Akwai ruwa a jikinta."

"Ba ki zama nan. Rago?"

"In yi mi da rago? Kun ɗauka kowa cikinsa ya dame shi." Idon Balki ya juya kan Jibo. "Mahaƙi, buɗe akwatin. Kullum ta cikin tsumma nike jin su."

Ya jawo akwatin, ya fara warwarewa. Ya ɗaga ja.

"Rijiyar Tibiri," in ji muryar. "Zurfin gaba goma sha tara. Ranar da igiya ta kusa tsinkewa."

"Goma sha tara da kamu ɗaya," Jibo ya ce.

"Da kamu ɗaya. Koma da shi ga haske, jijiyar nan fara nike so in gani."

Ba wanda ya taɓa ce masa ya koma da dutse ga haske. Ya juya shi. Ya ɗaga kore, ta faɗi inda ya fito, ya gyara mata, ta yarda. Ya tambaye ta abin da ya dame shi shekara ashirin, me ya sa baƙin nan yake jan allura, ta ce da ƙarfe aka halicce shi, tun ƙasa na ɗanya. Muryar Jibo ta warware, irin yadda Hasiya ba ta ji ta ba tun suna da ƙuruciya. Ɗantala na tsaye bakin danga, ya rasa inda zai sa ido.

"Jibo," Modibbo ya ce, "ba hira anka kira ni ba. Dubi leɓen ɗiyarka."

Ya duba. Jini na tsattsafowa daga tsagar.

"To ga sharaɗina," in ji muryar. "Na tsufa, ba ni komawa Abzin. A kai ni kogon dutsen bayan gari, ni da su duka. Ba ni barinsu gidan da ake auna dutse da gindin tukunya."

"A bar mai ko guda," Modibbo ya ce.

"Duka."

Jibo ya dubi tabarmar, shekara talatin a shimfiɗe. Ya fara naɗe su, kowane cikin tsummansa, bai yi sauri ba, ba wanda ya ce ya yi sauri.

"Ɗauki," ya ce.

Modibbo ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta ba za ta komo ba, ta rantse. "Sai wata rana, mahaƙi," ta ce. Balki ta yi atishawa sau uku, ta kwanta, zufa ta karyo mata. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, akwai sauran tuwo?"

Da safe Jibo ya ɗora akwatin kan jaki ya hau dutse, ya komo da shi wayam. Hasiya ta wanke shi ta zuba zannuwanta. Balki ta warke sarai, ba ta tuna komai. Ɗantala ya ce, "Ka huta, wallahi," kuma har zuciyarsa yake nufi.

Juma'ar da ta zagayo, an sauko daga masallaci, Jibo na zaune kan tabarma hannu biyu bisa gwiwa. Hasiya ta zo ta tsuguna gefensa, ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani abu da ta tsinto a hanyar kasuwa. Gindin koriyar kwalba ne, yashi ya goge masa kaifi.

"Ga wani na samo maka, Malam," ta ce. "Ya ma fi waɗancan ƙyalli."

Jibo ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ɗaga shi ga haske, don ta ga ya ɗaga.

"Ya fi su," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Ya sa shi aljihu. Ya jira ta koma wajen murhu, sannan ya ɗauki tsumma da ɗan ƙullin gishiri, ya fita ya kama hanyar dutse.