Sabon Kan Babur ɗin Sabo Akawu

Ranar da Rahmatu ta fara ganin Sabo, ba a kan babur ta gan shi ba. Turo shi yake yi tun daga kwanar Kawo har rumfar mahaifinta a Hayin Banki, farar rigarsa ta ofis ta jiƙe sharkaf da gumi. Ita kuma ta kawo abincin rana ke nan. Dariya ta kama ta, ta kau da kai, amma ya riga ya gani.

Ya ce, "Ni kike wa dariya?"

Ta ce, "A'a. Na ɗauka hawansa ake yi, ashe rakiya ake yi masa."

Mahaifinta, Malam Idi makaniki, a soja ya koyi gyaran babur. A Kaduna ta wancan zamani masu gyara na gaskiya ba su da yawa, wani kana tsaye zai cire maka sabon fulogi ya sa tsoho. Malam Idi ba ya haka, sai dai akwai taurin kai. Duk babur ɗin da ya taɓa, ba zai ba ka ba sai ya tayar da shi, ya juya kan har ƙarshe dama, ya juya har ƙarshe hagu, ya kasa kunne. In ƙarar inji ta sauya ko yaya, to ranar da ƙafa za ka koma gida.

Bayan sati guda sai ga Sabo ya dawo, wai babur ya ƙi tashi. Da Malam Idi ya tafi sallar azahar, sai Sabo ya ce wa Rahmatu a hankali ta duba gwangwanin kayan aiki da ke ƙarƙashin sirdi. Takarda ta samu, bugun tafireta, don shi akawu ne a wani ofishin gwamnati.

"Zuwa ga Rahmatu. Bayan gaisuwa mai yawa. Babur lafiyarsa ƙalau, ni ne ba ni da lafiya. Da kaina na kwance fulogin don in sami dalilin zuwa. In kin yarda in zo gida in gai da Baba, ki sa mini amsa a nan. Naki, Sabo."

Rahmatu ta yi aji huɗu a elemantare. Ta amsa da fensir.

"Malam Akawu, na ga takardarka. Baba ya ce fulogin nan hannun mutum ne ya kwance shi, kuma hannun da bai iya ba. Ka daina ɓata masa lokaci. Ka zo ran Juma'a bayan la'asar. Rahmatu."

Haka aka fara. Yana zuwa zance ran Juma'a, amma wasiƙun gwangwani ba su tsaya ba, don abin da baki ke jin nauyin faɗa a zaure, takarda ba ta jin kunyarsa. Yana kiranta Rahmata, ita kuma ba ta taɓa sauke masa Malam Akawu ba. Ta so shi ƙwarai, irin son da ke sa yarinya ta zuba gishiri sau biyu a miya.

Wata rana ya zo da wani dogon kan babur mai sheƙi, ya saya a hannun wani Bature da zai koma gida. Malam Idi ya auna da ido ya girgiza kai.

"Ba yau ba. Kan nan ya fi naka tsawo, wayar totur da ta birki ba za su kai ba. Zan aika Ikko a kawo dogaye a jirgin ƙasa. Ka jira sati uku."

Sabo ya ce, "To, Baba."

Daga ranar nan ba a sake ganinsa ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Rahmatu ta riƙa kai abinci rumfa tun kafin lokaci, ko wane babur ta ji daga nesa sai gabanta ya faɗi. Wayoyin suka iso, Malam Idi ya rataye su a ƙusa.

A sati na biyar sai ga Audi. Shi Audi a hannun Malam Idi ya koyi aiki kafin ya buɗe tasa rumfar a Badarawa, kuma ya taɓa neman Rahmatu ta ƙi shi. Ya gaisa, ya tsaya yana sakin zance kamar ba komai.

"Jiya na ga akawun nan naku a Abakpa, an ɗaura masa sabon kai. Da alama ya sami wani mai gyaran."

Malam Idi ya ci gaba da aikinsa. Da suka koma gida ya ce, "Rahmatu, ki cire yaron nan daga ranki. Wanda ya ɗauke babur ɗinsa daga rumfata, ƙafarsa ya ɗauke daga gidana."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ko sallama bai yi mata ba.

Ran Asabar da hantsi tana rumfar, sai ga mutane sun turo wani babur, fitila a fashe, dogon kai a karkace. Suka ce a kwanar Kawo abin ya faru. Mai shi ya zo zai karya kwana, sai babur ya yi tsalle da shi kamar an tsikare shi, ya maka shi da bakin kwalbati, hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashi. An wuce da shi asibiti.

Malam Idi ya kama kan ya juya hagu. Wayar totur ta ɗaure tamau, ta ja kanta kamar an murɗa wa babur wuta. Ya daɗe yana kallon notocin.

Ya ce, "Babu makanikin da ya yi wannan aiki. Da kansa ya ɗaura."

Rahmatu ta durƙusa ta buɗe gwangwanin. Wasiƙu biyar ne a ciki, kowane sati ɗaya. Ta karanta ta ƙarshe.

"Rahmata, mahaifina ya ce in na sake taka rumfarku ko ƙofar gidanku bai yafe mini ba. Ya ce ɗan babban akawu ba zai auri 'yar mai baƙin mai ba. Na kasa kai babur wurin wani, don ba zan ci amanar Baba ba. Audi ya ce noti huɗu ne kawai, ya ara mini sufana, na ɗaura da kaina. Yau zan zo in tsaya daga tsallaken titi ko na hango ki. Wannan kam ba a hana ni ba. Naki har kullum, Sabo."

Ta miƙa wa mahaifinta. Ya karanta, ya ninke, ya tashi ya kama hanyar Badarawa. Ba wanda ya san abin da ya gaya wa Audi, amma Audi bai sake bin ta Hayin Banki ba.

Yatsu uku likita ya yanke wa Sabo, babban yatsa da ƙaramin kawai suka rage. Ofis ta sallame shi da takardar yabo, don ba su da wurin akawun da ba ya buga tafireta. Mahaifinsa, Malam Aminu, dā ma ya riga ya nema masa 'yar wani abokin aikinsa. Iyayenta kuwa da suka ji labari sai suka ce yarinya za ta ci gaba da karatu.

Bayan wata biyu, sai ga Malam Aminu da kansa a rumfa, cikin babbar riga, yana neman inda zai zauna da ba maiƙo. Rahmatu na bayan buhun da aka yi labule da shi, tana jin komai. Ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce ya zo ne a kan maganar yaran nan, tun da suna son juna.

Malam Idi ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma.

"Malam, da yana da yatsu goma 'yata ba ta kai ba. Yanzu da ya koma bakwai ta kai?"

"Ƙaddara ce, Malam Idi."

"Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma ka ga wayoyin can a ƙusa? Nasa ne. Aikin rabin awa ne. Kai ka hana shi zuwa. Sauka lafiya."

Da yamma Rahmatu ta sami mahaifinta a tsakar gida, ta durƙusa.

"Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne, ni ma ba zan manta da shi ba. Amma ba Malam Aminu zan aura ba."

"Yaron da ba shi da aiki, ba shi da hannu? Sati uku na ce ya jira, Rahmatu. Sati uku."

"Ya yi wauta, Baba. Amma da rumfar wani ya kai, da yanzu hannunsa na nan. Don kada ya ci amanarka ya ƙi."

Aka kira magariba, Malam Idi ya miƙe. Da zai fita ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki ce wa uwarki ta aika gidan su Sabo su turo."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Ba a yi wani shagali ba. Iyayen biyu suka gaisa da hannu a gaban jama'a, kowa ya kalli gefe. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari, aka shafa. Aka kai amarya wani ɗaki ciki da falo a Abakpa, inda Sabo ya sami aikin kula da sito a wurin wani ɗan kasuwa.

Rana ta farko da ta shiga girki, Rahmatu ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta kawo kwano ɗaya ta ajiye a tabarma. Sabo ya dubi kwanon, ya ɓoye hannunsa cikin riga.

"Ki ci, Rahmata. Ni sai an jima."

"An jima yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Yatsu biyu ba sa yin loma. Hagu kuma kin sani. Tun da na fito asibiti ban ci abinci a gaban kowa ba. Sai na rufe ƙofa."

Ta ji haushin uban da ya hana, da na Audi, da na shi kansa Sabo da bai jira ba. Ta haɗiye. Ta jawo buta ta wanke hannunta, ta gutsuri tuwo ta mulmula, ta dangwali miya.

Ta ce, "Ƙofar a buɗe za ta zauna. Yi bisimilla."

Ya yi bisimilla ya karɓa, hawaye na zubo masa.

"Allah ya yi miki albarka, Rahmatu."

"Amin, ya yi mana baki ɗaya," ta ce, ta sake gutsuro wata.