Lahadin da Aka Ga Twan a Fili

Rinus Koppejan ne ya ƙulla wannan abin. Shi ya zaɓi ranar, shi ya zaɓi hanyar da za a bi. Duk wanda ya ce tsautsayi ne, ko dai ba ya nan, ko kuma ƙarya yake yi.

Lahadi ce, an taso daga cocin safe. Jacomien na tafe a bayan mahaifinta, ta dafe hularta da hannu ɗaya saboda iskar teku. Zuciyarta fes. Yau da ƙarfe uku saurayinta Twan zai zo gidansu shan kofi, karo na farko, bayan ta shekara guda tana roƙon a yarda.

Kullum ta titin kasuwa ake komawa gida. Sai ga Rinus ya matso kusa da mahaifinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Shugaba, mu bi ta kan ganuwar teku mana, a ga ɓarnar ruwan jiya."

Suka bi. Dattawan coci biyu da matansu suka biyo baya.

Daga kan ganuwar ana hango filin ƙwallo tsaf. Sarƙar ƙofa na reto a buɗe. A bakin raga ga baro cike da yashi, ga mutum ya naɗe hannun riga yana huda ƙasa da cebur mai yatsu.

Ya ɗago, ashe Twan ne. Ya gane hularta tun daga nesa.

Sai ya ɗaga mata hannu biyu yana dariya.

Iska kawai ake ji, da kukan tsuntsayen teku. Jacomien ta juya wajen mahaifinta.

"Baba..."

Leendert Wisse bai waiwayo ba. Dattijo ne a coci, shekararsa sha tara yana shugabancin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Tun zamanin kakanni 'yan Asabar ne mu, ranar Asabar kaɗai muke buga ƙwallo, ba a taɓa buɗe wannan ƙofar ranar Ubangiji ba. Ko lilon yara ɗaure shi ake yi.

"Mu tafi gida," ya ce.

*

Twan Verbakel ɗan lardin Brabant ne, gyaran injinan iska ya kawo shi garinmu. Can wajensu ana fitowa daga coci a wuce kallon ƙwallo. Ranar da ya fara ganinta, tana fama da keken zana layin fili ita kaɗai, farar ƙasa har goshinta.

"Wannan layi ne ko maciji?" ya ce.

"In ka iya, zo ka yi. Ba a biyan kowa a nan, sai dai miyar wake."

"Miyar da daɗi?"

"Ta fi ƙarfin ɗan Brabant."

Ya karɓi keken. Bai sake ajiye shi ba. Ita ce ke horar da 'yan mata 'yan ƙasa da shekara sha uku, su sha huɗu, shi kuma ya ɗauki masu tsaron raga. Mientje yake kiranta. In ya faɗa, sai kunnuwanta su yi ja.

Rinus na gani. Shi ne mai duba fili, shi ke cewa a buga ko a fasa. Sau biyu ya nemi aurenta, sau biyu ta ce masa a'a cikin ladabi. Bai taɓa nuna fushi ba. Murmushi kawai yake yi.

Kakar bara ruwa ya ƙi tsayawa. Sau biyu ana ɗage wasan kofin 'yan matan. Aka ce Talata ce ta ƙarshe, in fili bai yi ba an cire su.

Yammacin Asabar Rinus ya tare Twan a kantin shan shayi na ƙungiya. Ya ɗauka su biyu ne. Ya manta da Tante Krina, gwaggon kowa, tsohuwar da ta shekara talatin tana wanke rigunan yaran, tana bayan tagar kicin tana kankare tukunya.

"Litinin da safe zan duba," in ji Rinus. "In na tarar da ruwa a bakin raga, shi ke nan. Tausayin Jacomien nake ji."

"Gobe kaɗai nake da hutu. Amma gobe ai Lahadi ce..."

"Haba, malam. Wasa aka hana. Wannan aikin larura ne, ko dattawa ba sa ja. Ni kaina ina yi. Shugaba ma daɗi zai ji."

Ya zare makulli daga cikin nasa ya miƙa masa.

"In ka buɗe, sa min shi ƙarƙashin tukunyar fure. Kada ka gaya mata, bari ta gani da idonta."

Tante Krina ta ɗauka hira ce. Ba ta zaci akwai mai ƙuruciyar da zai yarda ba.

*

Ranar Lahadin, ƙarfe uku daidai Twan ya zo, ya yi wanka, ga furanni a hannu. Ya danna ƙararrawa sau uku. Leendert na zaune da Littafi Mai Tsarki a buɗe, bai motsa ba. Mahaifiyar Jacomien na kallon kofuna huɗu da ta jera.

Jacomien ta zagaya ta baya, ta same shi a rumfar kekuna.

"Me ka yi mana, Twan?"

"Na gyara miki fili. Ruwan duk ya tafi, Mientje, sai kin gani..."

"Gaban dattawa. Har da ɗaga min hannu."

Dariyarsa ta ɗauke a hankali.

"Rinus ya ce ba komai."

"Rinus?"

"Shi ya ba ni makulli."

Ta jingina da bango. Yanzu ta gane dalilin ganuwar teku.

"Masoyina, kai wawa ne," ta ce, hawaye na zuba. "Wawa mai kyan zuciya."

"Zan faɗa musu gaskiya."

"Kai baƙo ne. Shi kakansa ne ya kafa turakun ragar nan."

*

Litinin da yamma kwamiti ya zauna a kanti, mutum bakwai. Twan ya tsaya ya faɗi komai.

Rinus ya saurara har ƙarshe, sannan ya ciro makullansa ya ajiye a kan tebur.

"Ga nawa. Bai taɓa barin aljihuna ba."

"Ƙarya kake yi, Rinus!" Muryar Tante Krina ce daga tagar kicin. "Da kunnena na ji ka."

"Tante, ke da ba kya jin ƙararrawar coci?" ya ce da murmushi. Wasu suka yi dariya.

"Krina, ba kya cikin kwamiti," in ji Leendert. "Rufe tagar."

Aka rufe mata taga a fuska.

Rinus ya gyara zama.

"Mutum uku ke da makulli. Shugaba, ni, sai mai horar da 'yan mata. Ba na shugaba ba ne. Ba nawa ba ne. To..."

Duk suka juyo suna kallon Jacomien.

Ta buɗe baki, amma Twan ya riga ta. Ya ga fuskar mahaifinta, ya san abin da zai biyo baya: sunanta a bakin kowa, a coci, a kasuwa.

"Ba ruwanta," ya ce. "Daga rigar Rinus na zare, na mayar bai sani ba. Ni kaɗai ne."

"Twan, kar ka..."

"Ni kaɗai ne."

Hannu shida suka tashi. An kore shi, kuma ba zai sake taka filin ba ko a matsayin ɗan kallo.

Talata 'yan matan suka buga. Bakin raga a bushe ƙarau. Suka ci biyu da ɗaya, mai tsaron ragar da Twan ya koya wa faɗuwa ta tare bugun daga kai sai mai tsaron gida. Iyaye na ta yabon fili, Rinus na karɓar gaisuwa. Can kan ganuwar teku akwai mutum ɗaya tsaye riƙe da keke. Jacomien kaɗai ta ɗaga ido.

*

Da ta dawo, mahaifinta na jiranta a kicin.

"Kin ji da bakinsa. Ɓarawo ne, mai keta ranar Ubangiji."

"Baba, ka san don wa ya faɗi haka."

"Abin da ya faɗa na sani."

"Ka tambayi Tante Krina. Sau ɗaya kawai, ku biyu."

Ya kau da kai. Ta ga alamar ya sani, ya sani sarai. Amma in ya yarda, sai ya tsaya gaban dattawa ya ce ɗan Koppejan maƙaryaci ne.

"An riga an ɗaga hannu," ya ce. "In kika bi shi, kada ki dawo min da shi ƙofar nan."

"Ni fa? In dawo?"

Ya miƙe ya fita daga kicin.

Ta jira amsar har sati uku. Ranar wata Juma'a ta kwashe rigunan yaran, ta kai wa Tante Krina, ta rungume ta. Twan na bakin titi a cikin mota, bai kashe inji ba.

"Kin tabbata, Mientje? Ba na son ki tsane ni nan gaba."

"Ja mu tafi, ɗan Brabant, kafin in fara kuka."

Da bazara aka ɗaura musu aure a garin su Twan. Mahaifiyarta ta je ita kaɗai a jirgin ƙasa, ta dawo a ranar. Jacomien ta yi murmushi a hotuna, amma duk wanda ya san ta ya san idon nan na neman wani a bakin ƙofa. Yanzu tana da ciki wata shida. Leendert, kakan jaririn, bai taɓa kiran waya ba.

'Yan matan kuwa, ba a samu mai karɓar su ba. Rinus ne ya kawo shawarar a soke ƙungiyar tasu, wai dama gajeren wando bai dace da 'ya mace ba. Yara sha huɗu suna zaune a gida ranar Asabar. Leendert ya ajiye shugabanci, ya rame, ba ya ko bin ta gefen filin. Ku canka wa ake shirin ɗorawa a kujerarsa.

Alhamis mai zuwa ne babban taron 'yan ƙungiya, kuma a wannan taron kowa na da bakin magana, har mai wanki. Ba taga a zauren da za a rufe wa mutum. Iyayen yaran nan su zo. Leendert ma ya zo, ya zauna a gaba.

Kai kuma Rinus Koppejan, kafin a ɗaga maka hannu ko ɗaya, ka miƙe tsaye, ka dubi mahaifiyar Jacomien ido cikin ido, ka faɗa mata abin da 'yarta ta yi maka ban da cewa a'a.