Yarinyar da Ta Ɓoye Takin Kaka

Akwai wata yarinya mai saurin yanke hukunci. Abu ɗaya za ta gani, ta ce ta gama sani.

Kakarta tana da tumatir a gwangwanaye goma sha biyu a bayan ɗaki. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata su.

Wata rana a makaranta Malama ta ba 'yan ajinsu aiki, kowa ya binciko wani abu a gida. Yarinyar ta ɗauki rula ta auna tumatirin. Sai ta ga waɗanda Kaka ke zuba wa takin kaji su ne gajeru.

Ta tambayi ƙawayenta biyu ko taki na hana girma. Ba su taɓa shuka ko wake ba, amma suka ce haka ne. Ta rubuta cewa kowa ya yarda. Don ta ceci tumatirin, ta ɓoye buhun takin a ƙarƙashin gadonta.

Kaka ta yi nema har ta gaji. Bayan mako biyu ƙananan suka yi rawaya, uku suka bushe. Wari ne ya tona asirin buhun.

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙawata, ashe ke ce ɓeran? Ai waɗanda suka rame nake zuba wa. Da ramarsu na same su."

Washegari yarinyar ta faɗa wa Malama komai, tana share hawaye.

Malama ta ce mata da ta auna tumatirin ba ta sauya komai ba, lura ta yi. Lura tana nuna abubuwa biyu tare, ba ta faɗin wanne ya jawo wanne. Da ta tambayi ƙawaye, jin ra'ayi ta yi, kuma mutum biyu ba kowa ba ne.

"To yaya zan sani, Malama?"

"Ki yi gwaji. Ke za ki zuba takin, amma ƙuri'a ce za ta zaɓi gwangwanin."

Yarinyar ta roƙi Kaka gafara da iri. Ta shuka gwangwanaye goma, ƙasa iri ɗaya, ruwa daidai. Ta rubuta lambobi a takarda, Kaka ta rufe ido ta zaro biyar. Su kaɗai aka zuba wa taki.

Bayan wata ɗaya, biyar ɗin nan suka fi sauran tsawo da ganye. Yarinyar ta jera su inda uku suka bushe.

Kaka ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kin biya. Gobe ke ce mai ban ruwa."

Ku ji da kyau, yara. Gani daban, tambaya daban, gwaji daban. Kada ku ce wannan ne ya jawo wancan sai kun gwada. Kuma ku bar kayan manya inda kuka same su.