Dutsen Kaka da Tabarau

A garin Agiye akwai wata yarinya da ba ta iya haɗiye gardama. Kakanta mai ɗinkin hula ya ba ta aron wani dutse da ya samo a arewa tun yana saurayi. Garau yake kamar ruwa, gefe shida, ga tsini a kai.

Ta kai shi lakol, wato makarantar boko, ta nuna wa malaminsu, Mushe Rabo.

"Sunansa kwarts," in ji shi. "A tsagar duwatsu yake girma sannu a hankali, inda ruwan zafi ya daɗe yana ratsawa. Ya fi gilashi tauri, har yana karce shi. Akwai ɗan mitsitsinsa cikin agogona, shi ke daidaita lokaci."

Ta komo gida kanta ya kumbura. Sai wanta Ilyasu ya kalli dutsen ya sheƙe da dariya.

"Fasasshiyar kwalba ce kike ta yawo da ita!"

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Dutsen da Mushe ya yaba, shi za a ce wa kwalba? Ta waiga, ta ga tabarau ɗin Kaka a kan tabarma. Ta ɗauka, ta ja masa tsinin dutsen, ƙiii! Ta ƙara ja.

"Ka gani? Kwalba na yin haka?"

Ilyasu ya dubi gilashin, duk ya karce. Ta ci gardama, sai dai haba, da idon tsoho aka ci ta!

Kaka ya dawo daga masallaci, ya sa tabarau. Ya yi ta neman kafar allura, bai gani ba. Ga hula rabi, mai ita na jira.

"Wa ya yi mini wanga aiki?"

Ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Ni ce, Kaka. Na so in nuna wa Ilyasu gaskiyata."

"Gaskiya gare ki. To, ni mi na yi miki?"

Kwana tara tana zaune gefensa bayan lakol, tana sa masa zare a allura, ƙawayenta na can suna wasa. Da Baba ya kawo sabon gilashin tabarau daga Maradi, Kaka ya miƙa mata dutsen da wata tsohuwar kwalba.

"Ga abin gwaji. Ko kina da gaskiya, in kin yi fushi, ki duba abin da hannunki zai taɓa."

Ta karce kwalbar, suka yi dariya har da Ilyasu.